Injin da Ke Jin Tsoron Baba Aljihu

Hannun hagun Baba Aljihu ya daɗe a aljihu fiye da yadda wasu ma'aikatan kamfaninsu suka daɗe a duniya. Ba ciwo ne da hannun ba, ba kuma wani abin kirki yake ɓoyewa a ciki ba. Ubangidansa da ya koya masa gyaran wuta ne ya gaya masa tun ranar farko cewa mai taɓa akwatin wuta hannu ɗaya yake sawa, ya ajiye ɗayan. In wuta ta kama hannu ɗaya, marinka za ta yi ta wuce. In ta sami biyu kuwa, ta ƙirji za ta bi daga wannan zuwa wancan, sai dai a zo a ɗauke ka. Yaro ya ji magana, ya cusa hannu a aljihu, daga nan bai ƙara fito da shi ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Haka yake cefane, haka yake jiran mota, haka ya tsaya gaban surukansa har aka yi ta ƙananan maganganu a kan girman kansa. A kamfanin sabulun da ya ƙarar da ƙuruciyarsa, sunansa na gaskiya yana can ofishin ma'aikata, ba mai amfani da shi.

Abu na biyu da aka san shi da shi shi ne ɗaurin noti. A ganinsa rabin fitinar duniya waya ce ta saki, ragowar rabin kuma mutane ne da suka ƙi yarda waya ce ta saki. Akwai wata 'yar sukudireba mai jan mariƙi a aljihun rigarsa na gaba, kuma ba ya iya wuce noti bai gwada shi ba. Ya taɓa zuwa dubiya asibiti, kafin a gama gaisawa ya ɗaure ƙafar gadon mara lafiya. A gida kuwa matarsa ce ta sha wahalarsa. Murfin kwalba, hannun tukunya, kan famfo, duk abin da ake murɗawa sai ya murɗe shi har ƙarshe, sannan ya ƙara masa kaɗan. Ita kuma ga sanyin ƙashi ya kama mata yatsu.

"Malam," in ji ta, "famfon nan ka ɗaure shi ne don mu sha ruwa, ko don mu riƙa kallonsa?"

"Ɗiga yake yi."

"To ya daina ɗiga. Mu ma mun daina sha."

A kamfanin, ɗakin yanka sabulu ne gidansa na biyu, in ma ba na farko ba. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano, ƙasansa kullum da santsi, ƙamshi ya yi masa yawa har ya koma wari. A tsakiya akwai injin da kowa ke kira Tsohuwa. Ita ke karɓar doguwar sandar sabulu, ta yayyanka, ta buga wa kowane guntu tambari, ta miƙa wa bel ya kai wa mata masu naɗewa a takarda. Jikin bango, kusa da ita, akwatin wutarta yake tsaye, dogo kamar kabad, da fenti ruwan toka. In ka buɗe murfinsa za ka ga wayoyi sun shiga cikin kwararon roba sun fito, da riloli jere a layi.

Rile ɗan abu ne da bai fi akwatin ashana girma ba, aikinsa isar da saƙo. Ƙaramar wuta ta taɓa shi, ya yi ƙas, ya buɗe wa babbar wuta hanya. A akwatin Tsohuwa wannan yana riƙe da wancan, wancan yana riƙe da na gaba, in ɗaya ya saki ko da na ƙiftawar ido ne, duk sai su saki, inji ya tsaya. Don haka in aka zo da gudu aka ce masa inji ya mutu, Baba Aljihu ba ya gudu. Yana isowa sai ya tsaya ya yi tambayarsa guda ɗaya, wadda ma'aikata suka haddace har suna kwaikwayonsa da ita a wajen cin abinci: "Me ya canza?" Kullum amsar ita ce ba abin da ya canza. Kullum kuma daga baya sai a gano an wanke ƙasa da tiyo, ko an matsar da tebur, ko wani ya rataya rigarsa inda ba a rataya riga.

Shekarar da gashin kansa ya gama yin fari, kamfanin ya sayo sabon layi mai allo, wanda in ya sami matsala da kansa yake rubuta abin da ke damunsa. Aka kuma ɗauki Injiniya, yarinya sa'ar autarsa, mai natsuwa, ta san aikinta, kuma ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba. Wannan ya fi komai ba shi haushi, don ya so ƙwarai a ce ya sami abin da zai riƙe ta da shi. Ba a jima ba Manaja ya kira shi ofis, ya nuna masa kujera, ya sa aka kawo masa shayi. Baba Aljihu na ganin shayin ya san an gama da shi.

"Baba, ka yi wa kamfanin nan abin da baki ba zai iya faɗa ba," in ji Manaja. "Lokaci ya yi da za ka huta. Ƙarshen shekara, in Allah ya kai mu."

"Na ce na gaji ne, yallaɓai?"

"Ba ka ce ba. Mu muka lura."

Ya shanye shayin, don ba ya son ɓarna. Ba yunwa yake tsoro ba. 'Ya'ya sun girma, kowa ya kama gabansa, su ma tuni suke damunsa ya zauna a gida. Abin da yake tsoro shi ne gari ya waye ba wanda ke nemansa. Duk rayuwarsa da gudu ake zuwa kiransa, kuma bai taɓa gaya wa kowa yadda yake son jin takun wannan gudun ba.

Ana cikin haka sai Tsohuwa ta fara tsayawa.

Ba hayaƙi, ba warin ƙuna, ba komai. Tana cikin aiki sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas a akwati, ta yi shiru. Dogo, mai tuƙa ta, ya danna koren maɓalli, ta tashi kamar ba ita ba. Amma duk tsayawar da ta yi, sandar sabulu ce ke lanƙwashewa a bakin wuƙa, a kwashe a mayar tukunya, masu naɗewa su zauna suna kallon juna. Wata rana ta yi sau ɗaya, wata rana ta wuni tana yi. Ga shi sabon layin sabulun wanka kaɗai ya iya. Babban sabulun wanki, wanda shi ke riƙe da kamfanin, sai Tsohuwa.

Baba Aljihu da Injiniya suka shiga akwatin tare. Ita ta shimfiɗa zanen wayoyi tana bi da yatsa layi-layi, shi yana bi da mita. Suka cire riloli ɗaya bayan ɗaya suka sa sababbi. Ya ɗaure duk notin da idonsa ya gani, waɗanda ya riga ya ɗaure ma ya sake tambayarsu lafiya. Mita ta ce komai daidai. Suna rufe murfi su juya baya, kafin su kai ƙofa sai ƙas-ƙas-ƙas. A sana'ar nan babu matsalar da ta kai wannan sharri, wadda ba ta nan lokacin da kake nan.

"Baba, ni dai na rasa ta inda zan kama ta," in ji Injiniya.

"Ki je ki duba mai allonki. Zan zauna in ji wane rile ne ke fara saki."

Ya samo tsohon bokitin fenti ya kife a gaban akwatin, ya zauna, ya jingina bayansa da murfin, ya karkata kunne. Ya wuni a haka. Tsohuwa ba ta tsaya ba. Washegari ma haka, ko tari ba ta yi ba. A rana ta gaba ya tashi ya zaga banɗaki, kafin ya wanke hannu ya ji ɗakin ya yi tsit. Ya dawo ya zauna, Dogo ya danna maɓalli, aka ci gaba har aka tashi. Da abin ya maimaita kansa ya sake maimaitawa, Dogo ya cire hula ya yi wa jama'a sanarwa.

"Wallahi tsoronsa take ji. Ku duba dai ku gani. Yana ɗaga ƙafa take fara iskanci."

Manaja bai yarda da camfi ba, ya faɗa da bakinsa a gaban kowa. Amma ya yarda da katan-katan ɗin da ke fita. Ya zo ya tsaya a kan Baba Aljihu ya daɗe yana duban sa, yana duban injin, sannan ya yi gyaran murya.

"Baba, maganar ƙarshen shekarar nan, a bar ta tukuna. Ka dai riƙa zama a wurin."

"In yi me, yallaɓai?"

"Abin da kake yi."

"Ba abin da nake yi."

"To shi ɗin."

Haka aikin Baba Aljihu ya koma zama. Da safe ya zo ya sa rigar aiki, ya kife bokiti, ya jingina. In zai zaga sai ya ɗaga wa Dogo hannu, Dogo ya tsayar da layi da kansa kafin ta tsayar da kanta. Ba a daɗe ba Dogo ya fara sa ido a kan yawan shayin da tsohon ke sha, in ya ga ya miƙa kofi na biyu sai ya ce, "Baba, a tausaya mana." Ɗaya daga cikin masu naɗewa ta kawo rediyonta da ya lalace ta ajiye kusa da ƙafarsa, ba don ya gyara ba, don rediyon ya gan shi kawai. Direbobin da ke zuwa ɗaukar kaya sukan leƙo su gaishe shi da hannu biyu.

Shi dai ya san inji ba ya tsoron kowa. Ya taɓa ganin inji ya cire wa mutum yatsa, bai kuma ga alamar kunya a tare da injin ba. Amma bai hana su faɗa ba. Gaskiyar magana abin yana masa daɗi, daɗin kuma yana ba shi kunya. Kullum yana zaune kunnensa na cikin akwati, yana jiran ranar da matsalar za ta manta yana nan ta fito. Ba ta manta ba. Watanni suka shuɗe, ƙarshen shekara ya zo ya wuce, ba wanda ya sake kawo masa shayi a ofis.

Alheri ne ya ɓata lamarin. Wata rana masu kamfanin suka zo zagaye, ɗaya daga cikinsu ya ga dattijo a kan bokiti, ya tambayi Manaja ko haka ake girmama manya a nan. Manaja ya ji kunya. Kafin mako ya ƙare aka shigo da kujera irin ta ofis, baƙa, mai taya, mai majingina har wuya, ledarta ma ba a gama cirewa ba. Dogo ya yi cilli da bokitin bayan ɗaki. Aka zaunar da Baba Aljihu a gaban akwatin, masu naɗewa suka tafa, shi kuma ya riƙe hannun kujerar da hannunsa na dama don ya ji tana neman tafiya da shi.

Hantsi bai gama ɗagawa ba sai ƙas-ƙas-ƙas.

Dogo ya dubi injin, ya dubi Baba Aljihu, ya tabbatar yana nan zaune. Ya danna maɓalli. Aka ɗan jima ta sake tsayawa. Ta kuma sakewa. Daga can wajen tebur wata ta ce a hankali, yadda kowa zai ji, "Ta raina shi."

Baba Aljihu ya dubi jikinsa. A karon farko a rayuwarsa ba shi da wanda zai yi wa tambayar sai kansa. Me ya canza? Rigar ita ce. Takalmin shi ne. Shayi kofi ɗaya ya sha, Dogo shaida ne. Ya juya kujerar, da yake mai juyawa ce, ya fuskanci akwatin. A jikin murfin, daidai tsayin mutumin da ke zaune a kan bokiti, fenti ya goge ya yi sheƙi, faɗin bayan mutum. Ya daɗe yana kallon wurin. Tsakanin majinginar sabuwar kujera da murfin kuwa akwai tazarar da kyanwa za ta wuce.

"Dogo, ina bokitina?"

"Baba, ga kujera an saya maka."

"Jiri take sa ni. Kawo bokitina."

Aka kawo. Ya kife, ya zauna, ya jingina. Tsohuwa ta yi aiki har aka tashi, masu naɗewa suka yanke hukuncin cewa kujerar ce ba ta so. Ba su yi nisa da gaskiya ba.

Washegari ya gwada abinsa ba tare da kowa ya lura ba. Yana jingine ya buga wa gefen akwatin gwiwar hannu, ba abin da ya faru. Ya sunkuya gaba kamar zai gyara igiyar takalmi, ya sake bugawa. Ƙas-ƙas-ƙas. Shi ke nan. Akwai wata waya a ciki da ta saki, in ya jingina murfin ya lotsa ya danne ta, in ya tashi girgizar inji ta raba ta da mazauninta. Ashe duk watannin nan ba saninsa ke riƙe da Tsohuwa ba, ba kwarjininsa ba. Nauyin bayansa ne. Buhun gishiri ma zai iya, kuma shi ba ya shan shayi.

Da ya koma gida bai iya cin abinci ba. Matarsa ta zauna gefensa tana shafa man zafi a yatsunta, ya gaya mata komai.

"To sai me?" in ji ta. "Wani abu zai ƙone ne?"

"Ba zai ƙone ba. Ƙaramar wuta ce. Tsayawa kawai take yi."

"Wani zai ji ciwo?"

"A'a."

"To ka ci gaba da jinginarka mana, Malam. Wa ka cuta? Su suna son sabulu, kai kana son fita da safe, ni ina son in buɗe kwalbar gishirina ba tare da na kira maƙwabta ba."

"In na gyara za su sallame ni."

"Ai shi nake gaya maka."

Ya ɗauki shawararta, don shawara ce mai kyau. Ya ci gaba da zuwa yana jingina. Amma zaman ya canza. Da can jira yake yi, yanzu kuwa gadi yake yi. Yana jin notin nan a bayansa kamar ƙaiƙayi a inda hannu ba ya kaiwa. Duk gaisuwar da direba ya yi masa da hannu biyu sai ya ji kamar ya karɓi abin da ba nasa ba. Mutumin da ya ɗaure gadon asibiti ba a sa shi ba, ga shi zaune wuni guda da sakakken noti a bayansa, ya kuma san da shi. Sukudirebar da ke aljihunsa ta yi masa nauyi. Ya rame, har Dogo ya fara damuwa, yana cewa a ƙara wa Baba abinci. Dogo bai san ramar ma haɗari ce ga aikin ba.

Wata rana da aka tafi hutun cin abinci, ɗakin ya zama ba kowa, ya tashi. Ya kashe babban makunni, ya sa masa kwaɗo, ya jefa ɗan makullin a aljihu. Ya buɗe murfin, ya gwada da mita ya tabbatar ba wuta, sannan ya fito da hannunsa na hagu. A cikin murfin akwai wani ƙarfe da aka gitta don ƙarfi. Ya bi saitin ƙarfen da ido har kan wani kwararon roba, ya ga inda ya goge shi ya yi fari. Ya ɓalle marufin kwararon, ya ɗaga wayoyi. Can ƙasa ga ɗan mahaɗi mai noti biyu a kwance. Waɗanda suka kafa injin tun farko waya ta gaza musu, suka yi mata ƙari, suka cusa a nan suka rufe, ba su sa a zane ba. Ya taɓa wayar da ɗan yatsa, ta yi rawa.

"Baba."

Ya waiga. Injiniya ce tsaye da robar abincinta a hannu. Ba wayar take kallo ba, hannunsa na hagu take kallo, don ba ta taɓa ganinsa ba. Ya fi na daman haske da laushi, kamar na wani mutum dabam da bai taɓa aiki ba.

"Tun ranar kujera na gane," in ji ta a hankali. "Ni ma na tambayi kaina me ya canza. A wurinka na koya."

"Ba ki faɗa ba."

"Ban faɗa ba." Ta matso, ta rage murya duk da ba kowa. "Baba, mayar da marufin nan. Ba wanda zai ji ciwo. Ni ban ga komai ba."

Ya dube ta. A duk zamansa a kamfanin ba a taɓa yi masa alheri kamar wannan ba, ya kuma ji shi har cikin ransa. Idonsa ya ɗan yi ruwa, ya ɗora laifin a kan ƙamshin sabulu.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata," ya ce. "Amma ni na gani."

Ya riƙe mahaɗin da hagu, ya sa sukudireba da dama. Ko rabin zagaye notin bai ci ba. Ya murɗa har ƙarshe, ya ƙara masa kaɗan. Ya gwada ɗaya notin, ya ja wayar ya ji ta zauna, ya mayar da marufi. Sannan ya ce ta ɗauko biro ta sa mahaɗin a zane, don wanda zai zo bayansu.

Da aka dawo aiki ya ɗauki bokitinsa ya koma can bakin ƙofa ya zauna. Dogo ya yi ta yi masa alama da hannu, har da roƙo. Bai motsa ba. Tsohuwa ta yi ta yanka sabulunta, ba ta ko san ya tashi ba. Ya zauna yana saurare har aka tashi, kuma ba zai ɓoye wa kansa ba, wani ɓangare na zuciyarsa ya yi ta fatan ya ji ƙas-ƙas-ƙas. Bai ji ba. Aikin ya yi kyau.

Da kansa ya je ya gaya wa Manaja. Manaja ya yi murna ƙwarai, ya ce dama shi bai taɓa yarda da maganar tsoro ba. Ya girgiza masa hannu, ya yaba, ya sake yabawa, sannan ya leƙa ƙofa ya ce a kawo wa Baba shayi. A ƙarshen watan aka taru a ɗakin yanka sabulu aka yi jawabai. Aka ba shi katan ɗin sabulu, aka kuma ce ya tafi da baƙar kujerar, tunda dama don shi aka saya. Dogo ne ya tura masa ita har bakin titi, yana share hanci, yana cewa shi dai har gobe bai yarda noti ba ne.

A makon farko ya ɗaure duk abin da ke gidan. Ƙofofi, tagogi, ƙafar gado, madubin matarsa, har keken maƙwabci da aka jingine a bangonsu. A mako na biyu ba abin da ya rage. Yana tashi a lokacin da ya saba, ya yi wanka, ya sa sukudireba a aljihu, ya zauna a baƙar kujera a bakin taga. Hannayensa biyu a waje, a kan gwiwa, na hagun bai san abin da ake yi a waje ba. In ya ji takun gudu a titi sai ya ɗaga kai, takun ya wuce. Matarsa tana kallonsa daga ƙofar kicin. Ko gorin shawarar da ya ƙi bi ba ta yi masa ba, shi ya sa ya san abin ya dame ta.

Wata safiya yana zaune sai ya ji ta tana tahowa da sauri, iya saurin da gwiwoyinta suka yarda.

"Malam! Malam, taso maza! Hannun tukunyar nan ya saki, saura kaɗan ruwan zafi ya zubo mini."

Ya miƙe da saurin da ya ba shi kunya, har kujerar ta gudu ta bugi bango. A kicin ya tarar da ita a kan tebur, hannun tukunyar na rawa. Ya tsaya a kanta.

"Me ya canza?"

"Ba abin da ya canza."

Ya ɗaga tukunyar ya duba. Shi da kansa ya ɗaure wannan notin kwanan nan, har ƙarshe, da ƙari. Yanzu kan notin duk sabon karce ne, ya yi fari. A gefen wurin wanke-wanke ga 'yar wuƙar yanka albasa, tsininta ya lanƙwashe. Matarsa ta ɓoye hannunta na dama a bayan zane, amma ya riga ya ga yadda yatsun suka kumbura. Ya san ɗaurinsa. Ya san abin da kwance shi zai ci wa waɗannan yatsun, da tsawon lokacin da ta ɗauka tana fama ita kaɗai, tana kasa kunne kada ya ji.

"Ka ga wani abu ne?" in ji ta, tana duban taga.

"Ban ga komai ba," ya ce. "Tukunyar ce ta tsufa. Irin wannan sai an riƙa dubawa."

Ya fito da sukudireba, ya riƙe tukunyar da hagu, ya murɗa har hannun ya daina rawa, ya tsaya nan. Ɗan ƙarin nan da ya saba yi duk rayuwarsa bai yi ba, don gobe kada notin ya yi wa yatsunta gardama.